Gyaran gida ko sake fasalinsa: wanne za a fara?

Kaka ta yi. An kai hatsi rumbu, an sayar da wake da gyaɗa, ɗan kuɗi ya shigo hannu. A wannan lokaci ne mai gida ke tsayawa tsakar gida yana duban ɗakunansa. Ga bangon da damana ta zaizaye. Ga soron da ya yi yoyo, har sai da aka tara kwanoni cikin dare. Uwargida na cewa yara sun girma, ɗaki ya yi musu kaɗan. Yaron da ya tafi ci-rani kuma ya bugo waya, ya ce a rushe tsohon ɗaki a yi na siminti da tol. Kowa da shawararsa, kuɗi kuwa ba su isa a yi duka ba.

Ƴan uwa, darasinmu na yau a kan wannan zaɓi yake. Zaɓi ne mai nauyi, domin kuɗin shekara guda ake zubawa a ciki, kuma ƙarƙashin rufin nan ne iyali ke kwana.

Kalmomi biyu

Mu fara da rarrabe abu biyu da mutane ke haɗawa.

Gyara shi ne a mayar da gida yadda yake tun farko, ko ya ɗan fi. A yi sabon yaɓe, a toshe tsaga, a cire azarar da ta ruɓe a sa wata, a ƙara ƙasa a kan soro, a gyara indararo, a sake daɓe. Ɗaki na nan inda yake, ƙofa na nan inda take.

Sake fasali shi ne a canza tsarin gida. A fasa bango don ɗaki biyu su zama ɗaya. A huda sabuwar ƙofa ko taga. A ƙara ɗaki, a matsar da madafa, a haƙa sabuwar salga, a cire rufin ƙasa a sa tol. Bayan aiki, wanda ya san gidan da can zai shigo ya ce: kai, gida ya canza!

Gyara na tsare abin da kake da shi. Sake fasali na ba ka abin da ba ka da shi. Gyara ya fi araha, ya fi sauri. Sake fasali ya fi cin kuɗi, ya fi cin lokaci, kuma yana bukatar magini da ya san aikinsa.

Ruwa ne ke cin ginin ƙasa

Yawancin gidajenmu da ƙasa aka gina su, ko da tubali ko da birgi. Ginin ƙasa na da daɗi: da sanyi a bazara, da ɗumi lokacin ɗari. Amma ba ya shiri da ruwa.

Mu yi ɗan lissafi. In an ce an yi ruwa milimita 1, ana nufin lita 1 ta zuba a kan kowane fili mai mita 1 tsawo da mita 1 faɗi. Ɗaki mai mita 4 tsawo da mita 4 faɗi, rufinsa mita 16 ne. In aka yi ruwa milimita 50 a dare guda, lita 800 ke nan ta sauka a kan ɗakin. Tano guda na cin lita 200. Ashe tano 4 aka juye a kan soronka kana barci! A wurare irin su Maradi, ruwan shekara kan kai wajen milimita 500. Tano 40 ke nan a kan ɗaki ɗaya kowace damana. Ruwan nan dole ya samu hanyar fita. In bai samu ba, sai ya nemi hanya ta cikin bango.

Mun ga abin da ruwa ke iya yi. A shekarar 2020 kogin Kwara ya cika ya shiga unguwannin Yamai. A damanar 2024 ambaliya ta taɓa fiye da mutum miliyan 1 a ƙasar Nijar, ɗaruruwan mutane suka rasu, da yawansu ɗaki ne ya faɗo musu. Ran 3 ga Satumba 2024 tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya rushe, ginin da ke tsaye tun tsakiyar shekarun 1800. An ga tsaga a jikinsa, amma ana cikin ruwa, ba halin gyara. In babban gini irin wannan ya faɗi, ina ga ɗakin da ya shekara uku bai ga yaɓe ba?

Saboda haka ga doka ta farko: a fara hana ruwa, sannan a yi zancen kyau da faɗi.

Duba abu uku

Kafin ka kira magini, kafin ka sayi ko ƙusa guda, ɗauki littafinka da alƙalami ka zagaya gidan. Abu uku za ka duba.

Na ɗaya, gindin bango. Durƙusa ka taɓa da hannu. Shin ƙasa na marmashewa? Shin ya yi kwarmi kamar an ƙwaƙule? Shin ruwa na kwanciya a wurin bayan an ɗauke? Fitsarin dabbobi da ruwan wanka su ma suna cin gindin bango sannu a hankali. In cin bai yi zurfi ba, ana cikewa da ƙasa mai kyau, a yi tudu yadda ruwa zai gangara nesa. In ya ci har kusan rabin kaurin bango, to abin ya wuce yaɓe.

Na biyu, jikin bango. Tsaya a kusurwa ka duba tsawonsa. A miƙe yake, ko ya yi ciki, ko ya karkata? Ɗaura dutse a igiya ka sako daga sama, igiya ba ta ƙarya. Sannan ka dubi tsaga. Akwai ƙananan tsaga na yaɓe, waɗannan ba su da haɗari. Akwai babbar tsaga da ta ratsa bango, wadda ake ganin haske ta cikinta, ko wadda ta raba bango biyu a kusurwa. Ita ce abin tsoro. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, ruwa ma haka.

Ga wata dabara, tunda yanzu mun iya rubutu. Auna faɗin tsagar da tsinke, ka karya tsinken daidai faɗinta, ka ajiye. Rubuta kwanan wata da gawayi a gefen tsagar. Bayan wata guda ka sake aunawa. In tana nan yadda take, ana iya toshewa. In ta ƙara buɗewa, bangon na tafiya ne. Kada kowa ya ƙara kwana a ɗakin sai magini ya gani.

Na uku, rufi. Shiga ɗaki ka ɗaga kai. Soki azara da wuƙa, musamman bakinta da ya shiga bango, domin can ne take fara ruɓewa. In wuƙa ta shige da sauƙi, ko gari na zubowa, azarar ta gama aiki. Duba ko akwai hanyar gara a bango. Duba ko tsakiyar rufi ya lotsa. Sannan ka hau sama ka ga indararo: a buɗe yake, ko ciyawa da shara sun toshe shi? Wani abu kuma: kowace shekara ana ƙara ƙasa a kan soro, ba a rage tsohuwa. Ƙasa na yin yawa, in ta sha ruwa sai ta ƙara nauyi, azara ta kasa ɗauka. Wani lokaci gyara na gari shi ne a kwashe tsohuwar ƙasa tukuna.

Yaushe gyara ya isa?

In gindi na da ƙarfi, bango a miƙe yake, yawancin azara na da lafiya, kuma ɗakuna sun ishi iyali, to gyara ya isa. Kada ka fasa gida mai lafiya don maƙwabci ya sa tol. Dubi masallacin Agadas. An gina shi wajen shekarar 1515, aka sake gina hasumiyarsa a 1844. Tsawonta mita 27, da ƙasa. Itatuwan da ke fitowa daga jikinta, su ne magina ke takawa in za su yi mata yaɓe. Kulawa ce ta tsayar da ita har yau.

Yaushe za a sake fasali?

Akwai dalili biyu. Na farko, in ginin ya lalace ƙwarai, yadda gyara zai zama zuba kuɗi cikin rijiya. Bangon da ya karkata, yaɓe ba ya miƙar da shi. Tunda dole a sauke shi, sai a yi tunani ko a nan ya kamata ya koma.

Na biyu, in tsarin gidan ne ke cutar da mutanen ciki. Misali: samari da ƴan mata sun girma, suna ɗaki guda. Ɗaki ba taga, ba iska, mai tari na kwana da yara. Hayaƙin murhu na cika ɗakin kwana. Tsakar gida ya fi titi zurfi, ruwa na shigowa ta ƙofa. Salga na kusa da rijiya. Ma'aikatan lafiya na son a bar wajen mita 30 tsakanin ramin salga da rijiyar da ake sha. Irin waɗannan, ko an yi yaɓe sau goma ba su gyaruwa. Sai an canza.

A nan ya kamata a tambayi mata. Su ne ke wuni cikin gida. Su suka san inda ruwa ke kwanciya, inda rana ke duka da la'asar, inda hayaƙi ke komawa. Mai gidan da ya yi shawara da magini kawai, bai ji rabin labari ba.

Hattara da abu huɗu

Wanda ya zaɓi sake fasali, ya kula da waɗannan.

Bango mai ɗauke da kaya. Ba kowane bango ake fasawa ba. Ɗaga kai ka ga inda bakin azara ya kwanta. Bangon da azara ta hau, shi ke ɗauke da rufi. In ka fasa shi, ko ka huda masa babbar ƙofa ba tare da tallafi ba, rufi zai biyo ka. Azarar giginya na da ƙarfi, gara ba ta cika cin ta ba, amma a ƙarƙashin rufin ƙasa ba ta son tazarar da ta wuce wajen mita 2 ba abin da ya tokare ta. Shi ya sa magabata ke yin ginshiƙi ko baka in suna son ɗaki mai faɗi. Yau wasu na sa ƙarfen da magina ke kira IPN. Giginya kuma ta yi wuya, ba a sare ta sai da izinin ma'aikatan daji. A sa wannan cikin lissafi.

Siminti a kan ƙasa. Mutane da yawa na shafe bangon ƙasa da siminti, su ce sun huta da yaɓe. Amma siminti da ƙasa ba su kama juna sosai. Rana ta buga, sanyi ya buga, siminti ya tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, ya zauna yana jiƙa ƙasar daga ciki. Daga waje bango na sheƙi, ciki kuwa ya zama kunu. Wata rana sai ɓawon ya ɓallo gaba ɗaya. Ƙwanƙwasa da hannu: in ka ji yana amsawa kamar ganga, ya rabu da bango. In dole sai an sa siminti, magini ya kafa ƙusoshi ko ragar waya don ya kama, a kuma rufe kan bangon da kyau. Sabon siminti na son a yi ta ba shi ruwa wajen kwana 7. Kada mu manta da makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa. Magabata da ita suke yaɓen da ke jure ruwa.

Rufin tol. Tol ba shi da nauyi, ba ya bukatar ƙarin ƙasa kowace shekara. Amma yana da zafi a bazara, yana da ƙara in ana ruwa, kuma iskar farkon damana na yaye shi in ba a ɗaure shi da kyau ba. Wanda zai sa tol ya ɗaga bango sama kaɗan, ya bar ƙofofin iska, ya yi rufin ciki ko da na tabarma ne. A ɗaure katako da waya mai ƙarfi har cikin bango. Duwatsun da ake jerawa a kai ba su isa ba.

Haƙƙin maƙwabci. Indararonka kada ya zuba a gindin bangon wani. Tagarka kada ta leƙa tsakar gidan wani. Sabon ɗaki kada ya ci hanya, kada ya tare magudanar ruwan unguwa. Shari'a da yawa a gaban mai unguwa daga nan suke farawa. A cikin birni kuma, kafin babban gini, a je ma'aikatar magajin gari a nemi takardar izini.

Darasi daga jihar Tawa

A garin Yama akwai wani magini, manomi ne kuma, sunansa Alhaji Falke Barmu. A shekarar 1962 ya gina wa garin masallacin Juma'a da ƙasa, jama'a na kawo ruwa da tubali. A 1975 rufin ya bukaci gyara. Tunda dole a taɓa rufi, sai ya sake shi da baka, ya yi ƙubba a tsakiya. Daga 1978 zuwa 1982 ya ƙara hasumiya huɗu. A 1986 masallacin ya samu kyautar Aga Khan, babbar kyauta ta duniya a fannin gini. Ku lura: ba a rana ɗaya aka yi ba. Shekara 20 aka ɗauka, kowane mataki sai da na baya ya tsaya da ƙafarsa.

A garin Dandaji kuma, tsohon masallaci ya tsufa, ya yi wa jama'a kaɗan. Maimakon a rushe shi, sai aka gyara shi aka mai da shi ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci kusa da shi. Mariam Kamara, ƴar Nijar, da Yasaman Esmaili, ƴar Iran, su suka tsara aikin, aka gama a 2018. Haka ma a gida: tsohon ɗaki mai lafiya na iya zama ɗakin ajiya, ko shago, ko ɗakin samari. Ba kullum ne rushewa ke zama mafita ba.

Mu yi lissafi

Ga misali. Lambobin nan don koyon lissafi ne, kowa ya tambayi farashin kasuwarsu. Jika 1 ita ce dala 200.

A ce wani mai gida na da jika 150.

In gyara zai yi:
Yaɓen bango: jika 25
Azara 6: jika 30
Indararo 3: jika 9
Ƙasa da kuɗin amalanke: jika 16
Ladan magini: jika 30
Jimla: jika 110

In sabon ɗaki na tol zai yi a wurin tsohon:
Birgi: jika 60
Tol: jika 90
Katako da ƙusa: jika 45
Ƙofa da taga: jika 40
Siminti: jika 35
Ladan magini: jika 50
Jimla: jika 320

In ya yi gyara, jika 40 za ta rage. In ya kama sabon ɗaki, jika 170 ta gaza masa. Zai rushe tsohon, ya kai sabon rabi, kuɗi su ƙare. Damana ta tarar da bango ba rufi, ta narkar da shi. Ga shi ba tsoho, ba sabo. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Me ya kamata ya yi? Bana ya yi gyara. Da abin da ya rage ya sayi ƴan tol ya ajiye a wuri busasshe. Baɗi ya buga birgi da kansa. Shekara ta uku ya gina. Kuma kowane aiki za a yi, a ware kashi 1 cikin 5 na kuɗin a gefe, domin in an buɗe rufi akan tarar da ɓarnar da ido bai gani ba. A misalinmu, kashi 1 cikin 5 na jika 110 shi ne jika 22.

Lokaci da takarda

Aikin ƙasa na rani ne. A fara daga Nuwamba, a gama kafin ƙarshen Maris ko Afirilu, don gini ya bushe sosai kafin hadari ya taso. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya bari sai ya ga gajimare, zai tarar magina sun yi tsada, wasu ma sun koma gona.

Kafin a fara, a tabbatar gidan na wa ne. In gidan gado ne da ba a raba ba, a tara magada a yi magana gaban shaidu. In gidan haya ne, ɗan haya ba ya fasa bango. Ko gyara zai yi, ya shirya da mai gida tukuna ko za a cire kuɗin daga haya.

Da magini kuma, a rubuta. Abin da baki ya faɗa ana mantawa, abin da ke takarda na nan. A rubuta irin aikin, da ladan, da wanda zai sayi kaya, da ranar farawa, da ranar gamawa. A biya kashi uku: kaɗan a farko, wani a tsakiya, sauran in an gama an duba. Mai gida ya sa hannu, magini ya sa hannu, shaidu biyu su sa hannu. Kowa ya riƙe tasa.

Abin da za mu riƙe

A duba gindi, bango da rufi kafin a yanke shawara.
A fara hana ruwa.
Ginin da ke da lafiya, a gyara shi. Tsarin da ke cutarwa, a canza shi.
Kada a fasa bangon da azara ta hau sai da magini.
Kada a rushe ɗakin da ake kwana sai kuɗin rufin sabon na hannu.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin gyara da sake fasali? Kawo misali biyu na kowanne.
2. Waɗanne abu uku ake dubawa kafin a kira magini?
3. Yaya za ka gane tsaga na ƙara buɗewa?
4. Don me siminti ke ɓallewa daga bangon ƙasa?
5. Ɗaki na da mita 5 tsawo da mita 4 faɗi. An yi ruwa milimita 30. Lita nawa ta sauka a kan rufinsa? Tano nawa ke nan?
6. Kana da jika 200. Gyara zai ci jika 125. Nawa ne kashi 1 cikin 5 na kuɗin gyaran? In ka ware shi, nawa ya rage?

Aikin gida

Kowa ya zagaya gidansu tare da iyalinsa. Ya rubuta abu biyar da ke bukatar aiki. A gaban kowanne ya rubuta "gyara" ko "sake fasali". Ya ja layi ƙarƙashin wanda ba zai iya jiran wata damana ba. A zo da littafin ran darasi na gaba, mu karanta tare.